Tasowar Azzalumi: Sharhi a Kan Fim ɗin Ƙuruciyar Shugaba Snow



Maganar da na zo da ita yau ta fim ce, amma ba irin wadda ake yi a tsaitsaye a bakin shagon masu tura finafinai a waya ba, inda hukuncin kowane fim ba ya wuce a ce ya yi ko bai yi ba. Nufina shi ne mu zauna a tsanake mu auna wani fim na Amurka da ya fito a watan Nuwamba na 2023, mai suna The Hunger Games: The Ballad of Songbirds & Snakes, wanda ya koma baya ya ba da tarihin ƙuruciyar wani shugaba azzalumi da masu bin wannan jeri suka yi shekaru suna ƙi, har ƙinsa ya zame musu wani ɓangare na daɗin kallon. Ni kaina ina cikin waɗanda suka bi jerin tun farkonsa, don haka da zuciyar masoyi zan yi magana, mai yabo inda yabo ya wajaba, mai ƙorafi inda ya ga gazawa. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, to ya sani zan taɓo ƙarshen labarin, domin hujjar abin da nake son faɗa tana can.

Saboda wanda bai san asalin ƙissar ba, ga ta a taƙaice. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Suzanne Collins, ta fitar da littafi na farko a 2008, aka mayar da shi fim a 2012, wasu uku suka biyo baya har zuwa 2015. Ta ƙaga wata ƙasa mai suna Panem, wadda ta tashi a kan kufan Amurka ta Arewa bayan duniya ta lalace, mai babban birni guda da ake kira Kafitol, inda dukiya da mulki suka taru, da larduna goma sha biyu da ke yi masa bauta, wannan yana haƙar gawayi, wancan yana noma, wani yana kamun kifi. Lardunan sun taɓa yin tawaye aka murƙushe su, kuma ukubar da aka ɗora musu ita ce kowace shekara kowane lardi ya miƙa yaro ɗaya da yarinya ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su ashirin da huɗun nan a fage guda su kashe juna har sai ɗaya ya rage, ana haska abin a talabijin kowa yana gani. Wannan shi ne Wasannin Yunwa. A finafinan farko mun bi wata yarinya, Katniss Everdeen, wadda Jennifer Lawrence ta fito a matsayinta, tun daga ranar da ta miƙa kanta fansar ƙanwarta a wasa na 74 har zuwa ranar da mulkin ya rushe. Shugaban da ta yi ta fama da shi kuwa shi ne Coriolanus Snow, dattijo mai farin gemu da taushin murya, wanda kullum da farin fure maƙale a ƙirjinsa domin ya ɓoye ƙarnin jinin da ke fita daga bakinsa. Marigayi Donald Sutherland, wanda ya rasu a watan Yuni na 2024, shi ya riƙe wannan matsayi, kuma ya riƙe shi riƙon da har yau in aka ambaci Snow fuskarsa ce take fara zuwa a rai.

To, da labari ya bazu a farkon 2020 cewa sabon littafin da Collins za ta fitar zai ɗauki wannan mutum ne a matsayin jigon labari, yana saurayi ɗan shekara 18, shekara 64 kafin zamanin Katniss, masoya da yawa suka nuna rashin jin daɗi, ni ma kuma na ji ɗar a raina. Dalilin tsoron a fili yake, domin al'adar masu shirya finafinai ce a wannan zamani, in suka ga wani mugu ya yi farin jini, sai su koma su ƙago masa ƙuruciya mai ban tausayi, su nuna an zalunce shi, an wulaƙanta shi, an hana shi abin da ya cancanta, ta yadda kafin a tashi daga kallo laifinsa ya narke ya koma laifin zamani, mai kallo kuma ya fita yana cewa ai ko ni ne haka zan yi. Abin da ya sa nake ɗaukaka wannan fim, wanda Francis Lawrence ya ba da umarninsa, shi ne ya bi ta wannan hanya mai santsi bai zame ba: ya bayyana mana sababin lalacewar Snow dalla-dalla, amma bai mayar da sababi ya zama uzuri ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai rata mai faɗi wadda malaman fiƙihu suka daɗe da sani, domin alƙali yana iya fahimtar abin da ya ingiza mai laifi sarai, fahimtar kuma ba ta ɗauke masa hukunci.

Fim ɗin bai rage wa yaron wahalarsa ba. Ya buɗe da shi yana ƙarami a tsakiyar yaƙi, shi da 'yar'uwarsa Tigris suna neman abin sawa a baka cikin kangayen birni a lokacin sanyi, har suka hango wani mutum yana sarar ƙafar gawa domin yunwa. Uwarsa ta rasu, ubansa Janar Crassus Snow 'yan tawaye sun kashe shi, dukiyar gidan ta salwanta, ba abin da ya rage sai suna da tsohon bene da kaka mai riƙe da alfaharin da ya wuce. Akwai wani wuri da ya tsaya mini a rai. Ranar babban taro a makarantarsu ba shi da rigar da zai sa, sai Tigris ta ɗauko tsohuwar rigar ubansa ta gyara ta, ta rasa maɓallai ta sa aka yi su da gutsattsarin tayil na banɗaki. Ya sa ta ya fita da kafaɗa a miƙe, cikinsa ba komai, ya shiga cikin 'ya'yan attajirai yana murmushi kamar wanda ya ƙoshi. Duk wanda ya san rufin asirin gidan da arziki ya bari zai gane wannan tafiya, zai kuma ji tausayin mai yin ta. Tom Blyth, ɗan Ingila da ya fito a matsayin, ya iya nuna mutumin da fuskarsa ke fara'a alhali idonsa yana lissafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a fim ɗin shi ne siffar Wasannin kansu a shekararsu ta goma. Mu da muka saba ganinsu a finafinan farko da ƙawa da ado, da jirgin ƙasa na alfarma da ake ɗauko yaran a ciki, da tufafin da ake ɗinka musu, da hirar da ake yi da su gaban dubban masu tafi, sai ga shi a nan an kwaso su a taragon dabbobi, an juye su a kejin gidan namun daji, ba abinci, ba magani, mutanen gari suna zuwa leƙe ta bayan ƙarfe. Fagen ma tsohon zaure ne da yaƙi ya taɓa. An ɗauki wannan sashe a wani babban zaure na birnin Wrocław a ƙasar Folan, wasu sassan birnin kuma a Barlin ta Jamus, har da filin wasan da aka yi gasar Olamfik ta 1936 a zamanin Hitila, kuma nauyin waɗannan gine-gine ya ba wa fim ɗin kwarjinin da zanen kwamfuta ba ya bayarwa. Muhimmin abu shi ne, a wannan shekara Wasannin suna gab da mutuwa, saboda mutanen Kafitol sun daina kallo. Kisan yara a fili, ba ado ba kiɗa, ya fi ƙarfin zuciyar mafi yawansu, har waɗanda suke ƙin larduna. Da an bar abin a haka, da wataƙila ya mutu da kansa.

Wanda ya raya shi shi ne wannan saurayi mai basira. An raba wa ɗalibai ashirin da huɗu yaran, kowa ya zama jagoran ɗaya, aka rataya kyautar kuɗin karatun jami'a a kan wanda ya fi mayar da nasa abin kallo. Snow ya faɗa a kan yarinyar lardi na goma sha biyu, Lucy Gray Baird, mawaƙiya daga wata zuriya ta makaɗa masu yawo, wadda ranar da aka kira sunanta ta jefa maciji a rigar 'yar magajin gari, ta sha mari, ta tashi ta karɓi makirufo ta rera waƙa. Da ya ga yadda mutane suka kasa ɗauke ido daga kanta, sai ya fahimci abin da manyansa suka kasa fahimta, wato mutum ba ya jure kallon mutuwar wanda bai sani ba, amma in ka sa ya san shi, ya so shi, ya sa kuɗinsa a kansa, to ba zai iya kau da kai ba. Ya rubuta shawara cewa a bar jama'a su yi caca a kan yaran, a kuma bar su su aika wa wanda suke so ruwa da abinci a cikin fage. Ku duba wannan da kyau, jama'a. Bai ƙara wa Wasannin mugunta ba ko kaɗan, abin da ya ƙara musu shi ne tausayi, ya ɗauki mafi kyawun abin da Allah Ya sa a zuciyar ɗan Adam ya ɗaure shi a turken zalunci ya sa shi aiki. Matar da ta aika wa yarinya gorar ruwa tana jin ta yi sadaka, alhali kuɗinta ne ke riƙe da fagen. Kuma a ƙarshen wasan, lokacin da aka saki macizai domin a hallaka kowa, Lucy Gray tana waƙa suna hawa jikinta, ɗaliban da ke kallo suka tashi da murya ɗaya suna neman a fitar da ita; wannan kururuwa ta ceci ranta, ita ce kuma ta tabbatar wa mahukunta cewa dabarar ta ci, Wasannin suka ƙara shekara sittin da biyar a duniya.

A nan ne fim ɗin yake juyowa ya dubi mu masu kallonsa, kuma ban ga amfanin mu sunkuyar da kai mu wuce ba. Collins ta sha faɗa cewa tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin, wannan tasha tana nuna matasa suna gasar neman kyauta, waccan tana nuna yaƙin Iraƙi, har hotunan biyu suka fara cakuɗewa a idonta. Wannan cakuɗewa a yau ta bar talabijin ta koma tafin hannun kowa, inda hoton gawa da hoton biki suke bin juna a waya ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, yatsa yana ture su duka da sauri iri ɗaya. Ni ma da nake zaune ina kallon fim ɗin, zuciyata tana tare da Lucy Gray, ina fatan ta tsira, kuma fatan tsirarta ba shi da wata ma'ana face fatan mutuwar yara ashirin da uku. Fim ɗin ya san haka, ya kuma tabbatar na sani, domin ruwan da ta sa wa guba saboda masu farautarta, wata yarinya marar lafiya ce mai tari ta zo ta sha, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa hannu ba.

Sai kuma mu zo kan malamar Snow, Dakta Volumnia Gaul, shugabar masu shirya Wasannin, wadda Viola Davis ta fito a matsayinta. Wannan mata ba mahaukaciya ba ce kawai kamar yadda shigarta take nunawa. Tana da aƙida, kuma aƙidar tana da asali a littattafan falsafa. Collins ta buɗe littafinta da maganganun masana irin su Thomas Hobbes da John Locke da Rousseau, waɗanda suka yi saɓani a kan ɗabi'ar ɗan Adam ta asali. Hobbes, a littafinsa Leviathan na 1651, ya tafi a kan cewa in babu hukuma mai ƙarfi da kowa ke tsoro, mutane za su afka wa juna ne kawai. Tun kafinsa da sama da ƙarni biyu da rabi Ibn Khaldun ya faɗi a Muƙaddima cewa jama'a ba ta zama sai da mai tsawatarwa da zai hana wani cin wani, sai dai shi bai tsaya nan ba, ya ware babi ya nuna cewa zaluncin mai mulki shi ne ke rushe raya ƙasa. Dakta Gaul ta ɗauki rabin farko ta yar da na biyu. Tambayar da take ta maimaita wa Snow ita ce, mene ne amfanin Wasannin? Domin ta koya masa amsa a aikace, sai ta tura shi cikin fagen da dare ya fito da abokinsa da ya kutsa ciki, yaran suka bi shi, ya juya ya kama wani yaro da duka da sanda, ya ci gaba da duka bayan yaron ya daina motsi. Da ya fito tana ɗinke masa rauni sai ta nuna masa cewa ga hakikaninsa nan ya gani, ga hakikanin kowa.

Hujjar tata gurguwa ce, kuma ina so mai sauraro ya ga inda take ɗingishi, domin irinta ba a fim kaɗai ake jin ta ba. Ita ce ta kulle yaran, ita ta hana su abinci, ita ta zube makamai a tsakiyarsu ta ce wanda bai kashe ba za a kashe shi, sa'an nan ta koma gefe tana nuna su da yatsa tana cewa ku ga ɗabi'ar mutum. Misalinta misalin wanda ya toshe kwata ne har ruwa ya kwanta ya ruɓe, sa'an nan ya tara unguwa yana rantsuwa cewa shi ruwa wari ne asalinsa. Kuma ko a cikin fagen da ta shirya domin ya gaskata ta, an sami wanda ya ƙaryata ta. Wani ƙaƙƙarfan yaro daga lardi na goma sha ɗaya, Reaper, wanda kowa ya zaci shi zai fi kisa, sai ya koma yana tattara gawarwakin 'yan'uwansa yana jera su a gefe guda, ya fizgo tutar ƙasar daga bango ya lulluɓe su da ita. Masu kallo a Kafitol, waɗanda suka ga mutuwar yaran ba su motsa ba, da aka taɓa tuta sai suka zabura. Ban san wani wuri a dukan jerin nan da ya fi wannan faɗin gaskiya a kan yadda zukata suke karkacewa ba.

Wannan ya kawo mu kan tsohuwar mas'alar da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa, ta tilas da zaɓi, wato shin bawa abin turawa ne kawai ko kuwa yana da kasabi da za a tambaye shi a kansa. Fim ɗin ya amsa ta ba da wa'azi ba, ya amsa ta da mutanen da ya jera a gefen Snow. Tigris ta ga abin da ya gani a wancan dare na sanyi, ta ji yunwar da ya ji, ta yi maraicin da ya yi, ta fito da zuciya mai taushi, ita ce ma take roƙonsa ya dubi Lucy Gray a matsayin mutum; masu bin jerin kuma sun san ita ce tsohuwar da, bayan shekaru masu yawa, ta ɓoye Katniss a ƙarƙashin shagonta a fim na ƙarshe. Lucy Gray marainiya ce, ta fi shi talauci nesa ba kusa ba, ta kuma kashe domin ta rayu, amma ba ta mayar da wannan ya zama aƙida ba. Sejanus Plinth kuwa ta ɗaya gefen ya zo: ubansa ɗan lardi na biyu ne da ya yi arziki da ƙera makamai a lokacin yaƙi har ya sayi zama a Kafitol, yaron yana da duk abin da Snow ke kwaɗayi, amma ya kasa haɗiye ganin an sa abokin karatunsa na ƙuruciya a fage, har ya shiga da kansa ya barbaɗa wa gawarsa gutsuren burodi bisa al'adar lardinsu. Mutum uku, kowa da jarrabawarsa, ba wanda ya zama Snow. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma shugaban makarantar, Casca Highbottom, da wannan idon yake kallon yaron tun farko, yana ganin uban a fuskar ɗan; amma fim ɗin ya nuna cewa gadon bai tilasta shi ba, shi ne ya yi ta miƙa hannu yana karɓarsa kaɗan-kaɗan.

Saboda haka ne nake kare kashi na uku na fim ɗin, wanda masu kallo da yawa suka yi kuka da shi suna cewa labari ya ƙare da ƙarewar Wasannin, saura jan rai ne. Fim ɗin ya kai awa biyu da minti talatin da bakwai, na kuma yarda da tsawo. Amma a fage kowa yana da uzurin tsoron mutuwa, shi ya sa fage ba ya iya bayyana mutum, kome Dakta Gaul za ta ce. Sai da aka kama Snow da maguɗi, saboda gubar ɓera da ya ba yarinyar a cikin gwangwanin hodar mahaifiyarsa da kuma hankicin da ya jefa wa macizai domin su saba da ƙanshinta, aka tura shi aikin soja na shekara ashirin, ya isa lardi na goma sha biyu inda ba mai bin sa da makami, inda yarinyar da yake so take raye tana waƙa a dandali, sa'an nan muka ga zaɓinsa tsirara. Sejanus, wanda ya biyo shi har can yana kiransa ɗan'uwa, ya zo ya buɗe masa cikinsa a kan shirin taimaka wa wasu su tsere. Suna tsaye a gaban kejin wasu tsuntsaye da hukuma ta ƙirƙira masu naɗar magana. Snow yana saurarensa da fuskar aboki, hannunsa kuma ya lallaɓa ya danna abin naɗin. Ba wanda ya umarce shi, ba wanda zai sani in bai yi ba. Ya bar tsuntsun ya tafi Kafitol, yana yaudarar kansa cewa uban yaron mai kuɗi ne zai fanshe shi. Ranar da aka rataye Sejanus, Snow yana cikin sahun sojojin da ke tsaron wurin, yaron yana kiran mahaifiyarsa, tsuntsayen da ke kan itace suka ɗauki kiran suna maimaitawa. Daga baya ya koma ɗaki ya buɗe kayan mamacin ya yi kuka, kuma na gaskata kukan. Sai dai nadama daban, tuba daban. Sharaɗin tuba shi ne barin laifin da ƙudurin ƙin komawa, shi kuwa ya share hawaye ya ci gaba da lissafi.

Abin da ya faru a daji ya ƙarasa bayanin. Sun gudu shi da Lucy Gray domin yana tsoron a gano bindigar da ya harbe 'yar magajin gari da ita, a hanya bakinsa ya suɓuce ya ambaci cewa mutum uku ya kashe, alhali biyu ta sani. Ta tambayi na ukun, ya kauce da wata magana, ta yi shiru, shirun wanda ya gane. Da suka isa wata bukka ya tarar da bindigogin a ɓoye, ya ga cewa in ya nutsar da su a tafki hanyar komawa Kafitol ta buɗe, sai ya zamana shaida guda ce ta rage a duniya, ita ce kuma yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta ce za ta je ta haƙo wani abu ta dawo, ba ta dawo ba. Ya bi ta da bindiga, maciji ya sare shi a ƙarƙashin mayafin da ya ba ta, ya yi ta harbi cikin itatuwa. Fim ɗin bai faɗi makomarta ba, kuma daidai ya yi, domin ko ta mutu ko ta tsira, niyyarsa ta riga ta tabbata a lokacin da ya ɗaga bindigar.

Ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. A littafin, mai karatu yana zaune ne a cikin kan Snow, yana jin yadda yake raina mutanen larduna ko a lokacin da yake musu fara'a, yana jin yadda yake ɗaukar Lucy Gray a matsayin abin mallakarsa tun kafin ya kira abin so. Fim ba shi da hanyar shiga zuci sai ta fuska, fuskar da aka zaɓa kuma kyakkyawa ce, sai ya zamana wasu matasa sun fito daga kallo suna yabon kyansa, suna ganin juyawarsa ta ƙarshe kamar ta zo ba zato. Laifin ba nasu kaɗai ba ne. An tausasa shi a kashi biyun farko fiye da yadda marubuciyar ta yi, sa'an nan aka gaggauta lalacewarsa a na uku, wanda shi ne ya fi bukatar numfashi. Da an rage wasu gwabzawar fage an ba wa zaman lardi na goma sha biyu lokacin, da ya fi. Haka kuma an yawaita 'yan alamun da ake jefa wa tsofaffin masoya domin su yi murmushi, har wani wuri an ambaci sunan tsiron da aka raɗa wa Katniss ta hanyar da ta fito da ni daga cikin labarin. Wanda ya zauna daram shi ne asalin waƙar itacen rataya, wadda muka ji Katniss ta rera a fim na 2014 har ta zama taken tawaye. A nan mun ga Lucy Gray ce ta tsara ta bayan ta ga an rataye wani mutum, sai mai kallo ya fahimci abin da tsohon shugaban ya ji a ransa ranar da waƙar ta dawo masa daga bakin wata yarinyar lardin. Rachel Zegler, wadda ta fito a matsayin Lucy Gray, da muryarta ta rera waƙoƙin a wurin ɗauka, kuma ana jin haka.

Kisa na ƙarshe shi ne wanda ba shi da ko inuwar uzuri. Snow ya koma Kafitol, Dakta Gaul ta karɓe shi almajiri, iyayen Sejanus, waɗanda ba su san komai ba, suka ɗauke shi magajinsu suna biya masa karatu. Ya je wurin Highbottom, wanda Peter Dinklage ya fito a matsayinsa da gajiyar mutumin da lamirinsa ya hana shi barci, tsohon ya bayyana masa cewa shi ya zana tsarin Wasannin yana ɗalibi, cikin maye, a matsayin aikin aji da bai taɓa nufin ya bar takarda ba, uban Snow ne ya ɗauka ya miƙa domin neman maki. Mutumin ya riga ya karye, ba ya iya cutar da kowa, ya shekara goma yana fatan abin ya mutu da kansa. Duk da haka Snow ya bar masa kwalaben maganin da yake sha, ya sa musu guba tun kafin ya shigo ɗakin. Wannan ita ce hanyar da zai yi ta kawar da abokan hamayya da ita har tsufansa.

Kamfanin Lionsgate ya kashe kimanin dala miliyan 100 a fim ɗin ya sami sama da miliyan 300, don haka ba a tsaya ba: Collins ta fitar da wani littafin a watan Maris na 2025, Sunrise on the Reaping, a kan wasa na 50, wanda aka ninka yaran suka zama arba'in da takwas, aka kuma sa watan Nuwamba na 2026 domin fitowar fim ɗinsa. Zan kalla in Allah Ya kai mu, ina kuma da fargaba guda, cewa yawan yaran da ƙawar fagen za su ja masu shiryawa su ƙawata kisan domin ya yi daɗin ido, su yi mana ainihin abin da Snow ya koya wa Kafitol. Roƙona gare su shi ne su bar kowane yaro daga cikin arba'in da takwas ɗin nan da sunansa da fuskarsa, yadda suka bar wa Reaper da yarinyar nan mai tari nasu.

A nan zan dakata.